Sai Ɗaya ga Janairu

Litinin, 17 ga Nuwamba, 4:40 na yamma

Likita Brandt ce ta ce in riƙa rubutawa. Rana, lokaci, da abin da na ji, ko da layi ɗaya ne. To ga shi.

Sati uku ke nan da ƙarar ta shiga kunnena na hagu. Siririya ce, ba ta hawa ba ta sauka, kamar an danna maɓallin fiyano na can ƙarshe an ƙi ɗaga yatsa. Da wani aiki nake yi da ban damu ba. Amma saitin fiyano nake yi, shekara bakwai ke nan, gida gida, coci coci, daga nan har Houghton. Kunnen nan shi ke ciyar da ni.

Ta leƙa ciki, ta ce tas yake. Ta sa ni tafiya a miƙe idona a rufe, na buɗe na gan ni jikin bango. Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce tana so a ɗauki hoton cikin kaina.

Matar da ke teburin karɓar baƙi ta karɓi katina ta juya shi. "Au, irin wannan ce taki," in ji ta. "Hoton dala dubu biyu da ɗari takwas ne, kuma daga aljihunki."

Irin wannan. Inshorar bala'i. Ba ni na raɗa mata sunan ba, haka yake a rubuce. Bara na zaɓe ta, a wannan teburin da nake rubutu a kai, don 'yan ƙasa da shekara talatin ake ba ta, ni kuwa ashirin da bakwai nake lokacin, ko mura ban cika yi ba. Kusan rabin kuɗin sauran ce a wata. Ganin likita sau uku a shekara babu ko sisi. Duk abin da ya wuce haka, sai na fara biyan dubu tara da ɗari biyu da kaina kafin su sa hannu.

Na koma na ce wa likitar yanzu ne lokacin sauya inshora. Zan ɗauki mai kyau, ta fara aiki ɗaya ga Janairu, sai a yi hoton.

"Linnea," ta ce, "ni da so samu ne, cikin satin nan."

Kwana arba'in da biyar. Lafiyata ƙalau.

Laraba, 19 ga Nuwamba, 7:15 na safe

Ƙarar tana nan.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, 6:00 na yamma

Na ciro wasiƙar da kamfanin ya aiko min bara. Akwai hoton wata yarinya a kan keke tana dariya. A ƙasa an rubuta: "Yi rayuwarki. Idan babban abu ya zo, muna nan."

Na karanta ya fi sau biyar. Idan babban abu ya zo. Kamar wani baƙo ne da suka sani, ni ce ban sani ba, kuma sun san yana hanya.

Na cike fom ɗin sabuwar inshora. An karɓa. Arba'in da biyu.

Litinin, 24 ga Nuwamba, 3:30 na yamma

Gidan Misis Pelkonen, can bayan tsohon ramin ma'adinai. Ta haura tamanin, ita ta yi shekara arba'in tana kaɗa wa cocinmu fiyano kafin yatsunta su ƙi. Kullum na gama sai ta ba ni kofi da burodin kirfa, ta zauna ta gwada aikina.

Yau ta zauna, ta kaɗa layi biyu, ta tsaya. Ta sake kaɗawa. Ta ɗora hannayenta a cinya.

"Wa kike saurare ɗazu?"

Na ce ban gane ba.

"Na tsaya nan gefenki ina tambayarki ko kina son madara. Sau uku. Kina ta gyaɗa kai, amma ba ni kike gyaɗa wa ba. Bango kike kallo."

Na ce hankalina yana kan aiki.

"To aikin ma ba nawa kika yi ba, 'yar nan. Saman nan duk ya karkace. Kamar kin saita shi da wani fiyano da ke wani ɗaki."

Na buga ɗan ƙarfen da nake ɗaukar sautin farko da shi, na kara a kunnen dama. Gaskiyarta. Duk maɓallan sama sun bi ƙarar da ke kaina. Na sake aikin daga farko, ban karɓi kuɗinta ba. Ta naɗe min burodin a takarda. Har na ja mota tana tsaye a taga.

Talata, 25 ga Nuwamba, 12:10 na rana

Na sa manhajar awon sauti a wayata. Ni da nake yi wa masu amfani da ita dariya. Allurarta ta tsaya a tsakiya, ta ce daidai. Kunnena ya ce ƙarya ne. Na bi allurar.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, 8:00 na yamma

Bikin godiya a gidan Mama. Mu uku, ni da ita da yayana Arvo, sai talotalon da zai ishi mutum goma. Arvo ya zo da kayan aiki a jikinsa, tun asuba yake kan motar share ƙanƙara.

Na yi sauri na zauna a kujerar ƙarshe don kowa ya kasance a damana. Kujerar Baba ce. Shekara shida da rasuwarsa, ba wanda ya zauna a kai. Mama ta dube ni, ta dubi kujerar, ta ci gaba da yanka nama.

"Ranka ya daɗe, maigida," in ji Arvo. "A miƙo maka dankali?"

"Rufe min baki ka ci abinci."

"Yaya zan yi biyun a lokaci ɗaya?"

Mama ta ce ta biya kashi na ƙarshe na kuɗin asibitin Baba a watan jiya. Haka kawai ta faɗa, tana zuba romo. Ta ce yanzu gidan ya dawo nata. Muka ɗaga kofuna. Tana murmushi.

Na yi niyyar faɗa mata yau. Ban faɗa ba.

A wurin wanke kwanuka Arvo ya ce, "Na ce ki miƙo min tsumma."

"Yaushe?"

Ya zagayo ta damana ya ɗauka da kansa.

Talatin da biyar.

Litinin, 1 ga Disamba, 7:00 na safe

Talatin da ɗaya. Lafiyata ƙalau.

Laraba, 3 ga Disamba, 5:20 na yamma

Wani yana kirana daga lambar da ban sani ba. Ba na ɗauka idan ina aiki. Ya bar saƙon murya. Na saurara, babu komai. Daƙiƙa arba'in na shiru, sannan ya yanke.

Juma'a, 5 ga Disamba, 2:00 na rana

Ƙarar ta sauya. A ƙarƙashin siririyar akwai wata mai kauri yanzu, tana ɗan hawa tana sauka. Ba kamar inji ba. Kamar mutum yana waƙa a maƙoshi, bakinsa a rufe, yana wani aiki da hannu.

Ina cikin falon wasu mutane a Chassell, su sun tafi aiki sun bar min makulli. Na tashi na duba kicin. Na duba ƙasan bene. Karensu yana kwance bakin murhu, ko kunne bai ɗaga ba.

Na san mai irin wannan waƙar, a kujerarsa na zauna ranar bikin godiya. Ba zan rubuta ba.

Asabar, 6 ga Disamba, 10:30 na safe

Wani saƙon. Shiru, minti ɗaya da 'yan kai.

Talata, 9 ga Disamba, 4:15 na yamma

Duhu yana yi tun ƙarfe biyar bai cika ba. Da rana ina tafiya daidai muddin ina ganin ƙasa. Da zarar haske ya ragu sai hanyar ta riƙa zamewa hagu, kamar ana jan tabarma a hankali daga ƙarƙashina. Na daina karɓar aikin yamma. Na ce wa mutane fitilar motata ce.

Na zauna na yi lissafi, don in tabbatar ba hauka nake ba. Idan na yi hoton yau, dubu biyu da ɗari takwas. Idan an ga wani abu, likitan kunne, wani hoton, wani likitan, duk ni, har dubu tara. Sannan ɗaya ga Janairu lissafin ya koma sifili, kamar ban taɓa biyan komai ba. A banki ina da dubu ɗaya da ɗari huɗu, hayar wata mai zuwa tana ciki.

Ba hauka nake ba. Ashirin da uku.

Alhamis, 11 ga Disamba, 1:00 na rana

Kofi ya zubo min a riga. Ban ji fitarsa daga gefen bakina ba.

Juma'a, 12 ga Disamba, 9:40 na safe

Saƙo na uku ya shigo ina ɗauke da jakar kayan aiki a hannun hagu, don haka da dama na ɗaga wayar.

Muryar Likita Brandt ce.

Na koma na farko. Na biyu. Duk ita ce. Duk kwanakin nan a kunnen hagu nake kara wayar, yadda na saba tun ina yarinya. Ba shiru aka aiko min ba.

"Linnea, Likita Brandt ce, daga wayata nake kira. Ina so in ji yadda kike." Na biyu: "Idan fuskarki ta fara yi miki wani iri, ko kin faɗi, kada ki jira. Ki je ɗakin gaggawa." Na uku ba ta ce komai a kan hoto ba. Ta ce, "Ki kira ni ko don in san kina jin saƙona."

Na zauna a mota injin yana aiki har gilashi ya yi gumi. Na tura mata rubutu: Na gode, ina lafiya, an sa min ranar hoto biyu ga Janairu.

Wannan na ƙarshen gaskiya ne.

Lahadi, 14 ga Disamba, 11:50 na safe

Ban je coci ba. Idan mutane da yawa suna waƙa, shi ma mai waƙar cikin kunnena yana ɗaga murya.

Talata, 16 ga Disamba, 3:00 na yamma

Babban fiyano ne baƙi, mai sheƙi, a makarantar sakandare. Na sunkuya zan ɗaure tsirkiya sai na ga fuskata a jikin murfin. Na yi mata murmushi don in gwada. Ta mayar min, amma gefe ɗaya ya ɗan makara.

Wataƙila katakon ne bai miƙe ba.

Alhamis, 18 ga Disamba, 7:30 na yamma

Na faɗi a matakalar coci. Na je saita musu fiyano don waƙoƙin Kirsimeti, na fito, matakala huɗu ce kawai, an zuba mata gishiri, babu santsi. Na sa ƙafa inda na ga matakalar, ba ta wurin.

Haɓata ta tsage. Faston ya fito da gudu da tawul, yana cewa a kira motar asibiti. Na riƙe masa hannu na ce kada ya kuskura. Sai ya kira Arvo.

Arvo ya zaunar da ni a kan teburin kicin ɗina, ya wanke ciwon, ya ciro filasta daga akwatin motarsa.

"Wannan ɗinki yake so."

"Manna kawai."

"Ɗinki huɗu, minti goma."

"Dala dubu ɗaya da wani abu, Arvo. Manna."

Ya haɗa bakin ciwon da yatsunsa masu kaushi. Ya tsaya. "Ba ki ji zafi ba?"

"Kaɗan."

"Ƙarya kike. Na matse da ƙarfi da gangan. Ko ƙiftawa ba ki yi ba."

Sai na faɗa masa. Ba duka ba. Kunnen, jirin, hoton. Ya saurara yana kallon tsumman da ke hannunsa.

"Tun yaushe?"

"Ƙarshen Oktoba."

"Oktoba." Ya tashi ya je taga ya dawo. "Gobe zan sayar da babur ɗin ƙanƙarata. Akwai mai so tun bara. Dubu uku zai biya nan take."

"Ka sayar, a biya, bayan sati biyu a ce mu fara daga farko? Sati biyu ne fa."

"Ashe kalanda ce likitarki yanzu."

"Ba ni na tsara abin ba."

"Ke kika zaɓa."

"Kai wace irin inshora za ka samu da ba gwamnatin gunduma kake wa aiki ba?"

Sai ya ce, "Mama fa?"

"Ka faɗa mata, Litinin tana banki da takardun gida, ta jinginar da shi. Ka san ta."

Ya san ta. Ya ce daga yau makullin motata yana hannunsa, shi zai riƙa kai ni. Ya tsaya a ƙofa yana saka hula. "Haka Baba ya ce, kin tuna? Sai an gama yankan katako na bana zai je asibiti."

Na ce ya ja min ƙofar, sanyi yana shigowa.

Sha huɗu.

Asabar, 20 ga Disamba, 8:10 na safe

Arvo ya kwana a doguwar kujera. Ya ce bututun gidansa ne ya daskare. Bututunsa lafiya lau.

Lahadi, 21 ga Disamba, 2:30 na rana

Dusar ƙanƙara tun jiya. Garin ya yi tsit. Ina zaune ina kallon titi, sai waƙar ta tsaya. Tsayawa ɗaya. Siririyar ma ta tsaya. Na ƙirga har goma sha biyu.

Sannan aka kira sunana, daga hagu, dab da kunne, yadda ake kiran yaro a hankali don kada ya firgita.

Arvo yana waje yana kwashe ƙanƙara, ina ganinsa ta taga.

Ban juya ba.

Laraba, 24 ga Disamba, 9:00 na dare

Mama ta ga filastar. Na ce matakalar coci ce. Ta riƙe fuskata da hannu biyu ta daɗe tana dubawa. Hannunta na dama ban ji shi ba, ina dai ganinsa a gefen idona.

"Kin rame," ta ce. Ta ƙara min shinkafa da madara.

Lahadi, 28 ga Disamba, 6:45 na safe

Huɗu. Lafiyata

Laraba, 31 ga Disamba, 4:00 na yamma

Sabon katin ya zo. Shuɗi ne. Na sa shi a aljihun riga, na riƙa taɓawa.

Na kira tsohon kamfanin don in tabbatar an rufe. Wani saurayi mai fara'a ya ɗauka. Ya duba ya ce, "Kai, madalla, bana ko kusa ba ki buƙace mu ba. Haka muke so mu ji."

Na ce na gode.

Juma'a, 2 ga Janairu, 1:20 na rana

An tura ni cikin injin, kaina a cikin keji. Sun ce yana da ƙara sosai, mutane suna tsorata. Minti arba'in yana bugu kamar ana fasa dutse. Tun Oktoba ban huta irin na yau ba. Ban ji kowa ba sai injin.

Da na fito, mai ɗaukar hoton da ɗazu yake ta min hira a kan ƙwallon ƙanƙara ya daina hira. Ya ɗauko min takalmana da kansa.

Litinin, 5 ga Janairu, 5:00 na yamma

Likita Brandt ta juyo da allon ta nuna min. Wani ƙari ne fari, a bayan kunne, can ciki, ya kai girman ƙwan tantabara. Yana da suna mai tsawo, ta rubuta min a takarda, takardar tana cikin jaka. Ta ce ba irin na Baba ba ne, ba ya yaɗuwa. Arvo ya sunkuyar da kai ya rufe fuska. Ta ce amma ya fara danna abin da bai kamata ya danna ba, sai an cire, kuma ta inda za a shiga, kunnen ba zai dawo ba.

Na ce, "Da na zo a Nuwamba fa?"

Ta dubi allon, ta daɗe.

"Irinsa a hankali yake girma, yawanci. Mai yiwuwa duk ɗaya ne. Mai yiwuwa da sauran abin da za a ceta. Ba ni da hoton Nuwamba da zan gwada da shi, Linnea. Ba wanda zai taɓa iya faɗa miki."

Na so ta ce e ko a'a. Ko wanne ne da na ɗauka.

Talata, 6 ga Janairu, 11:00 na safe

Na faɗa wa Mama. Ba ta yi kuka ba. Ta tambayi ranar da na fara zuwa wurin likita, na faɗa, na ga tana ƙirgawa a ranta ta iso ranar bikin godiya. Ta tashi ta shiga kicin. Na ji famfo yana zuba, ya daɗe yana zuba.

Da ta fito ta ce, "Gida katako ne da ƙusa."

Litinin, 26 ga Janairu, 6:30 na yamma

Babban asibitin awa bakwai ne daga gida. Mun iso. Gobe da safe. An aske min bayan kunne, an yi alama da alƙalami don kada a yi kuskuren gefe.

Yana ta waƙarsa. Na bar shi.

Lahadi, 1 ga Fabrairu, 7:40 na yamma

Na dawo gida. Rubutu yana min wuya, layin yana gudu.

Sun ce ƙarin ya fita duka. Fuskar za ta dawo a hankali, wata shida, ko shekara. Tafiya da sanda tukuna. Aiki ban tambaya ba.

Mama ta riga mu tahowa jiya don ta ɗumama gida, saboda haka daga ni sai Arvo a motar. Yana tuƙi, ina gefensa, kaina a naɗe, ina kallon itatuwa ta tagar dama. Awa da awanni ba wanda ya ce komai. Na ji daɗin hakan. Na ce a raina ya gaji, ko har yanzu haushina yake ji.

Mun kusa gada na juyo zan tambaye shi ruwa.

Bakinsa yana motsi. Idonsa a kan hanya, hannu biyu a kan sitiyari, hawaye har cikin gemunsa, yana ta magana a hankali. Ban san tun yaushe ba. Daga yadda ya zauna, ya daɗe yana yi. Arvo, wanda ko a jana'izar Baba kalma biyar bai haɗa ba.

Na juya kaina gaba ɗaya don kunnen dama ya fuskance shi. Ya gan ni. Ya yi shiru.

"Me ka ce?"

Ya dube ni, ya dubi bandejin, na ga lokacin da ya gane. Ya goge fuska da bayan hannu, ya ja hanci.

"Duka?" ya ce. "Ba ki ji ko ɗaya ba?"

"Sake faɗa."

Ya mayar da ido kan hanya.

"Cewa na yi yunwa nake ji," in ji shi. "Akwai wurin cin abinci bayan gada."

Muka tsaya. Ya sayo min miya, ya zauna ta damana, ya riƙe min kwanon.